Ranar da Na Kashe Wutar Firjin Likitan Shanu

Ni na kashe wutar nan, kuma ina sane na kashe ta. Na fara da wannan ne saboda har yau akwai tsofaffi a Ƙofar Dundaye da ke cewa iska ce ta hure ta, wai don su rufa mini asiri. Na gode, amma ba na so. Da hannuna na murɗa lagwanin ƙasa, na sa baki na hure, akawun ofishinmu yana tsaye yana kallona.

A lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, na yi aure, ina aiki a ofishin wani Bature da muke kira likitan shanu. Zamanin ne da motocin Sakkwato duka ba su fi a ƙirga su da yatsu ba. Gidanmu gidan Rundawa ne, wato mahauta, kuma mahaifina ban da fawa yana dillancin shanu. Shi ya sa da Baturen ya nemi wanda ya san dabba kuma ba ya ƙyamar jini, aka nuna masa ni. Na tafi ina murna zan riƙe ƙaho da igiya. Da na je, sai aka kai ni wani ɗaki aka nuna mini farin akwatin ƙarfe, tsayinsa ya kai kafaɗata, aka ce sunansa firji, kuma shi ne aikina.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da wuta yake yin sanyi. A ƙasansa ta baya akwai tankin kananzir da lagwani irin na fitila. In wutar tana ci, sai wasu bututun ƙarfe da ke can sama ta ciki su ɗauki sanyi, sanyin ya sauko kan kwalaben da aka jera. Kwalaben nan maganin bushiya ne, ciwon da in ya shiga garke sai ya bar makiyayi da sandarsa kawai. Maganin kuwa ba ya son zafi ko kaɗan. In ya ji ɗumi ya mutu, kuma ba za ka gane a ido ba, sai an yi wa saniya allura, mai ita ya saki jiki, ciwo ya zo ya ɗauke ta.

Baturen ya koya mini aikin da Hausarsa ta 'yan koyo. In tace kananzir kafin in zuba, in datse lagwani, in share baƙin hayaƙi, in tabbata harshen wutar shuɗi ne ba ja ba. Ya nuna mini wani tsinken gilashi mai jan zare a ciki, a rataye tsakiyar firjin, ya yi masa alama da baƙin fenti, ya ce kada zaren ya hau sama da alamar. Ya ce kada ƙarfe ya taɓa bututun, domin in suka huje firjin ya mutu ke nan, kuma mai gyaransa sai Ikko. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Wuta ba ta mutu. Wuta ta mutu, aiki ya mutu." Sau uku ya maimaita, kamar mai yi wa kurma magana. Ban yi boko ba a lokacin, amma alama dai na san ta, kora ma na san ta.

To, ga inda mahaifina ya shigo. Akwai Fulanin da ke zaune bayan Wamakko, waɗanda ya shekara ashirin yana sayen shanu a hannunsu. Da aka ce su kawo shanu a yi musu allura, suka ƙi. Wasu suka ce dabara ce ta ƙirga musu dukiya, wasu suka ce shanun za su daina haihuwa. Mahaifina ya hau jakinsa ya je har rugar ardonsu, ya zauna kan tabarma ya ce musu, "Ɗana shi ka tsaron maganin ga, da idona na ga inda shike. In saniya guda ta mutu don allurar ga, kada wanda ya ƙara gaishe ni cikinku." Suka yarda, aka sa ranar Alhamis. Dillali ba shi da wata dukiya da ta wuce a ce in ya faɗi magana haka take. Wannan ita mahaifina ya ɗauka ya zuba cikin akwatin da nake tsaro, bai ko shawarce ni ba.

Ana haka Baturen ya tafi rangadi, ya ce sai Laraba zai dawo. Ya bar ofis a hannun akawu, wani mai zama a Sabon Gari, mai son a ce da shi malam akawu, ba ya rabo da alƙalami a bayan kunne. Ƙarshen damina ne, iska ta yi nauyi, ko riga ka shanya sai ta wuni ba ta bushe ba. Tun kafin tafiyar Baturen ƙanƙara ta fara fitowa jikin bututun, 'yar siririya kamar an barbaɗa garin gero. Bayan tafiyarsa sai ta kama girma. Cikin 'yan kwanaki bututun suka ɓace gaba ɗaya, sai wani farin dunƙule da ya kusa kai girman tulu.

Wayyo, murna wajen akawu! Ya dinga kwaso abokansa suna zuwa kallo, mutanen da tun da aka haife su ba su taɓa ganin ƙanƙara ba sai wadda ke faɗowa da ruwan sama ta narke a tafin hannu. Sai ya buɗe ƙofar ya tsaya yana jawabi, wannan ya taɓa, wancan ya lasa. A wuni ɗaya ya buɗe ta fiye da sau goma. Ruwan shansa ma a buɗaɗɗen kwano yake zubawa ya tura kusa da dunƙulen. Haushi kamar ya kashe ni, amma shi akawu ne, ni mai lagwani.

Sai dai ba zan ɗora masa laifin duka ba, domin nawa ya fi nasa, kuma wauta ce tsagwaronta. A gidanmu, da kowane gida a Sakkwato, in ana son ruwa ya yi sanyi sai a jiƙa tsumman buhu a naɗe tulu da shi. Haka na tashi na ga mahaifiyata tana yi. To, da na ji maganar da mahaifina ya je ya yi a ruga, sai tsoro ya kama ni, na ce bari in ƙara wa maganin nan gata. Kowace safiya sai in jiƙa buhu sharkaf in shimfiɗa kan kwalaben a cikin firjin. Kashegari in tarar ya bushe ƙayau, in yi murna, wai magani ya shanye sanyin. Ban taɓa tambayar kaina ina ruwan yake tafiya ba.

Ranar Litinin da safe na buɗe na ga jan zaren ya hau har ya taɓa alamar. Na zagaya baya na datse lagwani, ko da yake shuɗi yake ci. Na zare bututun hayaƙi na share shi tas. Na juye kananzir ɗin na sake tacewa da sabon ƙyalle. Na ɗora kwanon ruwa a saman firjin in ga ko ya karkace, domin Baturen ya ce in ya karkace ba ya aiki. Ruwan ya tsaya daidai. Duk abin da aka koya mini na yi shi, na koma na sake yi. Da la'asar zaren yana nan kan alama, bai sauka ko da faɗin gashi ba.

Talata da hantsi ya haura alamar da kamar ƙwayar dawa. Na tsuguna gaban akwatin na zura hannu. Kusa da dunƙulen akwai ɗan sanyi, amma ƙasa wajen kwalabe bai fi sanyin ruwan randa ba. Na tuna lokacin da na fara aiki, bututun suna tsirara, in ka ɗora yatsa sai ya manne, kwalaben kuwa har haƙori suke sa wa tsami in ka kai su kumatu. Yanzu ga ƙanƙara ta yi yawa, sanyi ya yi kaɗan. Na rufe ƙofar, sai na lura ba ta zama daidai daga sama. Na samo zaren kaba na zura ta bakin robar da ke kewaye da ƙofar, ya wuce salin alin. Ashe dunƙulen ya girma har yana tokare ƙofa, iskar waje tana shiga yadda ta ga dama. Na ɗaga buhuna da ya fara bushewa, na dubi dunƙulen, na sake duban buhun. Nan take na gane inda ruwana yake tafiya, kuma wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ƙanƙarar nan bargo ce ta lulluɓe bututun, ta hana sanyi fita, kuma ni na saƙa fiye da rabinta.

Na je na gaya wa akawu. Ya ajiye alƙalami ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai, jahilci bai yi ba. Ƙanƙara ce za ta hana sanyi? To ita ƙanƙarar mece ce, garwashi?" Na ce sai an narkar da ita, kuma ba za ta narke ba muddin wuta tana ci. Dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Ka taɓa wutar nan, na rubuta ka." Na juya na fita, na nufi mahauta da gudu-gudu.

Na sami mahaifina yana wanke hannu. Na gaya masa komai, har da buhun, ban rage ba. Ya ɗauki wuƙarsa ta fiɗa, wadda ya gada wajen kakanmu, wadda ko yayyena bai yarda su taɓa ba, ya soka a kube ya ce in wuce mu tafi. Da muka isa ya leƙa cikin firjin, ya ƙwanƙwasa dunƙulen da yatsa, ya ce, "Mi na wahala nan? Ai kitse ne. A heɗe shi, wuta na ci, kowa shi huta." Akawu ya ce, "Yawwa Baba, ka ji maganar manya." Mahaifina ya zare wuƙa. Kuma na san hannunsa, mutum ne da ke raba fata da nama ba tare da ya bar ko ƙwarzane ba. Amma dabba ya sani. Bai san inda bututun suka bi a cikin farin dunƙulen nan ba, ni kaina ban sani ba.

Na shiga tsakaninsa da ƙofar na durƙusa. Tun da nake ban taɓa ce wa mahaifina a'a ba, ko a kan abin da bai kai wannan ba. Na ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara, wuƙar nan ba za ta shiga ba."

Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya ce, "Ni kaka hanawa?"

Na ce, "Baba, maganarka ce a cikin akwatin nan. In bakin wuƙa ya sami bututu, firjin ya mutu har abada, magani ya bi shi, jibi ba mu da abin da za mu gaya wa ardo. In na kashe wuta, aikina ne kawai zai tafi."

Ban matsa ba. Ya daɗe a tsaye da wuƙa a hannu. Can ya mai da ita kube, ya koma bakin ƙofa ya zauna kan dakali ya juya mini baya. Wannan juya bayan ya fi mini mari ciwo.

Na tashi na zagaya bayan firjin. Akawu ya biyo ni yana ɗaga murya, "Zan rubuta ka! Wallahi zan rubuta ka!" Zuciya ta ɗebe ni na ce, "Rubuta, malam akawu. In tawadarka ta ƙare ka yi magana, in aika gida a kawo maka ta allo." Na murɗa lagwani, na hure.

Daga nan ban tsaya ba. Akwai randar da muke shan ruwa a gindin ceɗiyar da ke bayan ofis, a binne cikin jiƙaƙƙen rairayi. Na kwashe ruwanta tas. Ruwan shan akawu da ke cikin kwano a jikin dunƙulen tun kwanakin baya ya daskare ya zama dutse, na ɗauko na kife shi a gindin randar, yana kallo yana haɗiyar zuciya. Na jera kwalaben a kai, na rataya tsinken gilashin a tsakaninsu, na rufe da faifai, na naɗe randar da jiƙaƙƙen buhun nan nawa. A nan ne wurinsa tun farko. Sannan na dafa ruwa na zuba a kwanoni, na jera su cikin firjin ƙarƙashin dunƙulen, na bar ƙofa a wangale. In ruwa ya huce in sake wani. Ba a jima ba ya fara ɗiga, sannan ya fara tsagewa da ƙara. Duk ɓangaren da ya faɗo sai in cafe shi in ruga in jera kewayen kwalaben. Da azahar na duba tsinken, zaren ya sauka ƙasa da alama da faɗin yatsa guda.

La'asar ta yi, saura ɗan abin da bai fi tafin hannu ba a jikin bututun, sai muka ji ƙarar mota. Baturen da ya ce sai Laraba, ga shi ranar Talata. Ya shigo ya tarar da ruwa ya malale ɗaki, ƙofar firji a buɗe, babu kwalba ko ɗaya, babu wuta. Fuskarsa ta yi jawur har kunnuwa. Ya ce, "Wa ya kashe wuta?"

Kafin akawu ya buɗe baki, sai na ji muryar mahaifina daga bakin ƙofa. Ya taso, ya cire takalmi, ya ce, "Ranka shi daɗe, iska ce ta..."

Kai! Mutumin da duk kasuwar shanu ta san ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai ce ramammiyar saniya mai ƙiba ce ba, shi ne zai yi ƙarya don kada a kori ɗansa daga tsaron lagwani. Duk wahalar da na wuni ina sha don kada maganarsa ta faɗi ƙasa ce, ga shi zai zubar da ita da bakinsa saboda ni. Na katse shi, karo na biyu ke nan a rana ɗaya da na yi masa abin da ba a yi wa uba. Na ce, "Ba iska ba ce. Ni ne. Da gangan."

Na ja Baturen zuwa gindin ceɗiya na ɗaga faifai. Ya zaro tsinken ya ɗaga shi sama ya daɗe yana dubawa. Ya taɓa kwalba. Ya koma ciki ya shafa bututun da suka fito fili, ya gwada ƙofar, ta rufe ruf. Ya tambayi abin da ya tara ƙanƙara haka, na gaya masa zancen buhuna, na gaya masa zancen 'yan kallo, akawu ya sunkuyar da kai. Baturen ya ce cire ƙanƙara daidai ne, haka ake yi a ƙasarsu ma. Amma ya ce wuta ba ta mutu, kuma na kashe ba da izninsa ba. In ya ƙyale yau, gobe wani zai kashe don ya ga dama. Ya ce aiki ya mutu.

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Amma ka san ana cire ta, ba ka taɓa gaya mini ba. Ka koya mini kunnawa, ba ka koya mini kashewa ba." Ban tsaya nan ba. Na ce, "Kuma ba inda za ni yau. Ni zan goge akwatin nan, ni zan kunna wutar, ni zan raka kwalaben nan Wamakko. In an gama allura ga firjinka nan, ka ba wanda ka ga dama." Na ɗauki tsumma na shige na fara goge ciki ban jira amsarsa ba. Bai hana ni ba. Na tsane ko'ina ƙayau, na kunna wuta, na bar kwalaben a randa da sauran ƙanƙara. Kashegari da safe na ɗora yatsa kan bututu ya manne, sannan na mai da su mazauninsu, ba buhu, ba kwano.

Ranar Alhamis aka taru a wani fili bayan Wamakko, shanu har inda ido ya ƙare. Ardo ya zo ya tsaya gaban mahaifina, ashe labari ya riga mu isa cewa wutar akwatin ta mutu. Ya ce, "Dillali, mun ji abin da muka ji. Maganin yana da rai?" Tun ranar Talata mahaifina bai yi mini magana ba, sai a nan ya juyo ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Kai, da rai ko ba rai?" Na ce, "Da rai, Baba." Ya juya ya kwance bijiminsa guda ɗaya da yake kiwo a gida, wanda ya sa aka koro tun daga birni, ya ce da shi za a fara. Aka yi masa, sannan ardo ya ɗaga sanda, garkuna suka fara matsowa. Da rani bushiya ta zagayo yankin kamar yadda ta saba, ta yi ɓarna a rugagen da suka ƙi zuwa, shanun ardo kuwa suka tsaya da ƙafafunsu. Har mahaifina ya bar duniya Fulanin nan ba su daina sauka ƙofar gidanmu suna gaishe shi ba.

Amma a ranar ba mu san haka za ta kasance ba. Da aka tashi, mota ta ɗauki Bature da akawu da kwalaben da babu kome ciki, ni kuwa ba ni da wuri a cikinta tunda ba ni da aiki. Muka kamo hanyar birni a ƙasa, mahaifina a kan jaki, ni a baya ina kora bijimi. Muka yi tafiya mai nisa. Ina ta tunanin abin da zan gaya wa matata, da kuma yadda zan roƙi gafarar tsohon nan kan katse shi da na yi gaban baƙo. Da muka hango ganuwa sai ya tsai da jaki. Ya sa hannu cikin riga ya ciro wuƙar da kubenta, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Ya ce, "Amshi. Tunda ka san inda ba a sa ta, ka isa riƙe ta. Gobe da asuba ka same ni mahauta."

Na durƙusa a tsakiyar hanya na karɓa da hannu biyu, hawaye suna zuba, ban damu da masu wucewa ba. Shekara arba'in na yi ina fiɗa da ita, kuma tana nan ƙarƙashin matashina.